Sunan da ban rubuta ba

Ni ɗan kwangila ne, ƙarami, irin waɗanda ake nema idan manyan Yamai sun ga aikin bai kai su tayar da mota ba. Rufin ɗaki ne sana'ata. A Dogon Dutsi nake zaune, amma garinmu yana can hanyar Matankari, kuma a can uwata da wana suke a shekarar da abin ya faru.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ya ba ni shekara tara. Ban taɓa kama sunansa da bakina ba, Yaya nake ce masa tun ina rarrafe. Da mahaifinmu ya rasu ina aji uku a lakol, makarantar boko, shi ya ɗauki jaka ya shiga ci-rani, yau Kwatano gobe Legas, har ya zama kafintan rufi da ake ji da shi. Da guminsa na yi karatu. Shi ya fara ɗora ni a kan tsani, shi ya koya mini taka kwano a kan layin ƙusa, kuma na sha ranƙwashi kafin in iya. Daga baya na shiga makarantar koyon sana'a na fito da takarda mai hatimi. Sai ga shi ni da aka koya wa ake kira patoro, wato maigidan aiki, shi da ya koyar ko sunansa ba ya iya karantawa.

Matarsa ba ta bar ni na ji daɗin patoron nan ba ko na yini ɗaya. Tsakanin mace da ƙanen mijinta akwai wasa, ita kuwa ta riƙe nata da hannu biyu. In na shigo gidan sai ta ce a kawo wa patoro kujera, kada tabarma ta ɓata masa wando. In na ci tuwo na rage, ta ce ai cikin patoro ba ya ɗaukar gero, sai burodi. Yaya yana gefe yana murmushi, bai taɓa cetona ba.

A bazarar shekarar nan wani furoje, irin shirin nan na masu ba da tallafi, ya zo gyaran tsofaffin azuzuwa. A wani ƙauye kusa da namu akwai gini mai aji uku da aka rufe da kwanon siminti, farin nan mai kauri, tun iyayenmu na samari. Mu dai mun san shi da sanyi, ba ya tsatsa, ba ya cika wa mutum kunne in ana ruwa. Sai wani injiniya ya tara mu ya ce a cikinsa akwai wani zare da ake kira amiyant, mutanen Najeriya na cewa asbestos. In kwanon ya fashe ƙurarsa ta shiga ƙirji, ba ta fita, sai bayan shekaru masu yawa ta tashi da mutum. Don haka sai an jiƙa shi, a kwance ƙugiyoyinsa ɗaya ɗaya, a sauke shi lafiya, a naɗe a leda, a binne a rami. Ya ƙara da cewa tsohon kwanon siminti ba a taka shi. Ido yana ganinsa da ƙarfi, amma ya riga ya mutu a tsaye, sai an shimfiɗa katako a kansa a bi.

Ni na samu aikin, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Sharaɗin ƙarshe shi ne in kawo takardar asurans, wadda a ƙetaren iyaka suke ce wa inshora, don in wani ya ji ciwo a bakin aiki a ɗauki nauyin maganinsa. Na tafi Dosso ina ganin abin na rabin yini ne. Ofis na farko da suka ji kalmar amiyant suka ce ba sa taɓa irin wannan aiki. Na biyu suka ce in dawo wani mako, irin dawowar da kowa ya san ma'anarta. Na uku ne suka karɓa, da tsada, da sharaɗi guda: duk wanda zai hau rufin ko ya taɓa kwanon, sai an rubuta sunansa da lambar katinsa. Wanda ba ya cikin takardar, ba su san da shi ba.

Wata mata ce mai gilashi ta miƙo mini takardar, mai haƙuri, ba ta gaggauta ni ba. Na rubuta mutanena shida. Ta duba ta ce, "Su ke nan? Ba wani da zai hau?"

Na riƙe alƙalamin na ɗan jima. Na san Yaya ya dawo daga ci-rani mako biyu da suka wuce. Na san ya gama sharar gona, yana zaune yana jiran ruwa, hannunsa na ƙaiƙayi. Na san ƙauyen da za mu yi aikin tafiyar ƙafa ce daga ƙofar gidansa, kuma a wurinmu ba a gayyatar wa zuwa aikin ƙane, zuwa yake yi da kansa. Duk na sani. Amma a saman takardar an rubuta sunana a matsayin mai aiki, a ƙasa kuma jerin leburorina. In sa wana a nan, a ƙarƙashina, tsakanin mai kwaɓa siminti da mai riƙe tsani? Kafin nan ma sai na je na ce ya ba ni katinsa, ya tambaye ni na mene ne, in buɗe baki in ce zan rubuta shi cikin ma'aikatana. Mutumin da ko ladan aiki ba na iya miƙa masa a hannu, sai in kai wa Inna in ce ga na goron Yaya. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce wannan wauta ce, kuma yau ba zan yi masa gardama ba. A ranar dai kunya ta fi ƙarfina.

Na ce mata, "Su ke nan." Ta buga hatimi.

Ranar farko bai zo ba, har na fara jin sanyi a raina. Rana ta biyu da hantsi sai ga shi da 'yar jakarsa ta guduma. Mutanena suka sauko suka gaishe shi, don kusan dukansu ta hannunsa suka bi. Ya tsaya yana kallonmu cikin fararen kayan aikin da furoje ya ba mu, hanci da baki a rufe, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wanga rufi za ku kwancewa ko aljannu za ku kamu?"

Na cire takunkumina na ba shi. Ya karɓa don kada ya kunyata ni, ya rataye shi a wuya. Na ce, "Yaya, da ka zamna inuwa ka riƙa duba muna aikin."

"Inuwa? Tsoho ni ke?"

Ya kama tsani. Na bi shi da ido, na ce a hankali, "Wanga kwano ba kamar kwanon ƙarhe ba na, sai an bi bisa katako."

Ya waiwayo daga sama ya ce, "Kai, wa ya koya maka hawa?"

Kowa ya fashe da dariya, har da ni. A duk abin da na yi a rayuwata babu abin da na tsana kamar dariyar nan. Ni ne mai aikin, ni aka yi wa bayani, ni na san sunansa ba ya ko'ina. Da wani ne cikin shidan nan da na daka masa tsawa ya sauko. Na tsaya a ƙasa ina washe baki, ina gyara hula.

Yinin nan ya bi katakon, don yana ganin idona a kansa. Kuma aiki ya yi sauri, gaskiya, hannunsa ɗaya ya fi na mutum biyu. Washegari da safe muna aji na biyu, ina can bakin ramin ina duba ledar da ake naɗe kwanon, sai wata ƙugiya ta ƙi kwantuwa a can gefe, inda katakon bai kai ba. Taki biyu ne kawai. Ya sa ƙafa a kan layin ƙugiyoyi kamar yadda ya yi shekara talatin yana yi, kamar yadda ya koya mini. Ban ga faɗuwar ba. Ƙara na ji, ba mai yawa ba ma, kamar an fasa tulu.

Na shiga ajin da gudu, ƙura ta turnuke, fara fat, ban tuna da wani takunkumi ba. Yana kwance rigingine, bayansa ya sauka a kan gefen dakalin simintin da malami ke tsayawa. Bai suma ba, babu ko jini. Ya dube ni ya ce, "Duba min ƙahwahuna, ba ni jin su."

A kan ƙyauren aji muka ɗauke shi zuwa bayan motata. Daga Dogon Dutsi aka tura mu Dosso, daga Dosso aka tura mu Yamai. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mini inda ƙashin baya ya karye ya danne jijiya. Ya ce akwai aikin da ake yi a sa ƙarfe, in an yi da wuri wataƙila a ceto wani abu, bai yi alkawari ba. Da ya faɗi abin da aikin zai ci, na san ko na girgiza gidanmu gaba ɗaya ba zai fito a makon nan ba.

Na koma Dosso wurin matar nan mai gilashi. Ta ɗauko takardar ta bi sunayen da yatsa har sau biyu, alhali ni da ita mun san abin da ke ciki. Ba ta ce mini ai na tambaye ka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma ba ta da hanyar da za ta bi. Na fito na zauna a bakin titi, a cikin ranar nan ta bazara, na rasa inda zan sa kaina.

Babba a cikin mutanena shida wani magini ne daga wajen Dogon Kiriya, sa'an Yaya, tare suka taɓa zama a Kwatano. Shi ya same ni washegari ya ja ni gefe, ya zaro katinsa ya sa mini a hannu.

"Rubuta ni na hwaɗi. Wa ya san huskata a Yamai? Ni da shi dut baƙaƙe, dut da hurhura. A yi mai aiki, in ya tashi sai mu roƙi Allah gahwara."

Zan so in ce na yi jinkiri, amma ban yi ba. Na karɓi katin, na cika takardar sanar da haɗari da sunan maginin. Abu ɗaya ya rage. Masu asurans za su turo wanda zai ga majinyacin, dole Yaya ya amsa sunan wani.

Na same shi a asibiti da la'asar, matarsa ta fita wanke kwanuka. Na jawo kujera na yi ta kewaye-kewaye, ina maganar zafi, ina maganar hadarin da aka ce an gani wajen gabas. Ya bar ni na gama sannan ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa, kaina a ƙasa. Sai ya jefo mini tambaya.

"Su shidan nan, in sunka hwaɗi, a yi musu magani?"

Na ce, "Awo."

"Ni ko a'a."

"Sunanka ba shi ciki, Yaya."

"Don mi?"

Na yi shekara arba'in da wani abu a lokacin, ina da mata da 'ya'ya, amma muryata ta koma ta yaro. Na ce, "Kunya na ji. Ban iya rubuta ka ƙarƙashina ba."

Ina jiran ya zage ni, har ina fata. Sai ya ce, "To ka yi daidai. Da ka zo tambayata kati don ka sa ni cikin leburorinka, da mun ɓata, kuma da na hau rufin nan ko kana so ko ba ka so." Ya ɗan numfasa. "Amma wagga magana ta biyu, bar ta."

Na fara roƙonsa. Na ce kwana ɗaya ne, kalma ɗaya ce, in mutumin ya kira suna ya ce na'am, shi ke nan. Na ce likita ya ce kowace rana da ta wuce tana tafiya da wani abu. Ya ce shi ma ya ji likitan, ba kurma ba ne.

"Mutumin ga yana da ɗiya bakwai. Ka rubuta ma gwamnati da masu kuɗɗi cewa ƙashin bayanai ya karye. Gobe in ya tahi neman aiki wurin masu takarda, su ce ai kai gurgu na. In kuma ya hwaɗi da gaske hwa? Su ce an riga an biya ka. In ɗauki bayan wani in gyara nawa? Maida mai katinai."

Na ce, "Yaya, ƙahwahunka."

"Na ce ka maida mai."

Ban taɓa yi masa musu ba, a ranar ma ban iya ba. Sau biyu ke nan girmansa ya rufe mini baki, a gindin tsani da kuma a bakin gadon nan, kuma har yau ban san ko na biyun ma kuskure ba ne. Na yaga takardar a bayan asibiti na zuba a kwandon shara.

Na sayar da motata. Inna ta aika wa Bafulatanin da ke mata kiwo ya kawo saniyarta da ɗan maraƙin. Abokan ci-raninsa suka haɗo abin da suka iya, maginin nan ma ya kawo nasa, ya ƙi zama a yi masa godiya. Kafin abin ya taru an yi mako uku. Aka yi aikin, ƙarfen ya zauna, ciwon ya ragu, har yana iya jingina. Ƙafafun ba su dawo ba. Na tambayi likitan ko da an yi da wuri da sun dawo. Ya ce ba wanda zai iya faɗa mini wannan, kuma na lura bai ce a'a ba.

Dole na koma na ƙarasa rufin, don kwangila ba ta san makoki ba. Mutanen ƙauyen suka yi ta zuwa roƙon tsohon kwanon, wannan zai rufe garken awaki, wancan zai yi rumfa. Na hana, na tsaya a kan ramin har aka mayar da ƙasa. Suka ce ban da albarka, abu mai kyau na binne don rowa.

Damina biyu Yaya ya yi a kwance. Da safe a fito da shi rumfa, da yamma a mayar da shi ɗaki. Ya koma tufkar igiya, ya tufka har gidan ya rasa inda za a rataye. Gonarsa gayya muka riƙa yi mata, in mun dawo ya tambayi kowane lungu, ya ce an bar ciyawa wajen gawon nan na kudu, kuma in an je a tarar haka ne. Inna, da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta iya zama kusa da shi ta dube shi ido da ido. Sai ta zauna a bakin ƙofa ta ba shi gefe, tana tsince wake, ta ce wa matarsa, "Tambaye shi ko ya sha hura." Yana jinta, ita ma ta san yana ji, ya amsa wa matar, matar ta maimaita.

Nauyin duka a kan matar nan ya sauka. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke wanke gyambon da kwanciya ta buɗe masa a ƙugu, wanda ya ƙi warkewa duk maganin da na kawo. Ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu. Ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. In na zo ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta tambayi iyali. Wasan ne kawai ya mutu, kuma na ɗauka ta san komai, tana dai haɗiyewa ne. Shi kuwa bai sake tayar da maganar takarda ba ko sau ɗaya. In na zauna sai ya tambaye ni aiki, ya ba ni shawara a kan katako, ya ce kada in yarda da ɗanyen icce komai arharsa.

Gyambon ne ya tafi da shi, bayan an gama girbi na biyu, wata ranar Laraba da azahar. Ina Dogon Dutsi aka kira ni, kafin in iso an rufe masa fuska.

Da ta fita takaba, danginta suka nemi ta koma gida Kore Mairuwa da ƙananan 'ya'yan. Ni na rako ta tashar Dogon Dutsi. Aka ɗaure kayanta a saman mota, muka tsaya a gefe ana jiran cikon fasinja biyu. Ta gyara mayafi, ba ta dube ni ba, ta ce tana da magana.

"Na ga kana ta ramewa, kana gudun idona. Kak ka sa ma ranka komi. Wanka ya hwaɗa min tun muna Yamai."

Na ce, "Mi ya hwaɗa miki?"

"Ya ce ka so ka rubuta shi, har ka yi ta roƙonsu, sunka ce takardar mutum shida ɗai taka ɗauka, ta cika. To mi za ka yi? Abin da na hwaɗa ma ɗiyanai ke nan, don kak wani shi zo shi gaya musu wata magana bayan raina. Ba mu riƙe ka da komi ba."

Mutumin da ya ƙi yin ƙarya don ƙafafunsa ya yi ta domina. Na buɗe baki. Yaran suna cikin mota suna leƙo ni ta taga, babbar tana ɗaga mini hannu. Direba ya buga ƙofa ya ce an cika. Ta ce in gaida Inna, ta shiga, na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ƙara komai ba.

Layi goma ne na sunaye a takardar asurans ɗin nan. Huɗu babu kowa a kansu.